Yadda Babban Gida Ke Komawa Ƙarami: Tarihin Muhalli a Fadamar Haɗejiya

A garuruwan da ke bakin fadamar Haɗejiya, irin su Kirikasamma da Marma da Madaci da Baturiya, akwai wani irin gida da ba ya wuyar gani. Zaurensa na nan tsaye, mai faɗin da zai ɗauki tabarmi huɗu ko biyar. Amma idan aka ratsa ƙofar gida aka shiga ciki, sai a tarar rabin filin ya zama kango. Inda ɗakunan matan 'ya'ya suke a dā, yanzu kuɓewa ce da yakuwa. Rumbunan da suka kai shida saura ɗaya. Can a gefe akwai ɗakuna biyu na bulo da rufin kwano, kuma a nan ne dattijon da gidan ke amsa sunansa yake zaune da uwargidansa da jikoki biyu ko uku. Wani dattijon ma bai samu wannan damar ba. Ruwa ya tashe shi, ya koma kan tudu, a fulotin da bai kai rubu'in tsohon gidansa ba.

Mai wucewa yakan girgiza kai ya ce gidan wane ya mutu. Shi kansa maigidan sau da yawa haka yake ji a ransa, domin a ƙasar Hausa an saba danganta komawa ƙaramin gida da karayar arziki. Sai dai tarihin gidan manomi a wannan yanki yana nuna wani abu dabam. Gida ya daɗe yana faɗaɗa yana tsukewa gwargwadon yawan mutanen cikinsa, kuma a dā yakan yi hakan ne a hankali, ba tare da an tilasta wa kowa yanke shawara ba. Abin da ya sauya cikin shekaru 50 ɗin nan shi ne, raguwar da ke zuwa sannu a hankali ta zama hukuncin da mutum zai yanke rana ɗaya, ko ruwa ya yanke masa.

Abin da ya sa gidan ya yi girma

Ma'aunin girman gidan manomi shi ne yawan hannayen da ke aiki a gonarsa. Tsarin da ya tara waɗannan hannaye shi ne gandu: uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya. 'Ya'ya su yi aikin gandu daga hantsi zuwa azahar, sauran lokaci kowa ya wuce gayaunarsa. Shi kuwa maigida a kansa ciyarwa take, da iri, da kayan aiki, da haraji, da auren fari na kowane ɗa. Duk ɗan da ya yi aure sai a yanka masa sashe a cikin gida, a gina wa amarya ɗaki, a kewaye da danga. Da haka gida ke ƙaruwa, ɗaki bayan ɗaki.

A fadamar Haɗejiya buƙatar hannaye ta fi ta sauran wurare, domin shekara ba ta da hutu. Da damina ana noman gero da dawa a tudu. Idan kogi ya cika ya malala a watannin Agusta da Satumba, shinkafa ce a kwari. Ruwa na janyewa sai a bi danshi da wake da kayan lambu, a shiga su, a banda kifi, makiyaya kuma su sauko da shanu. Gidan da ke da samari shida yana iya cin moriyar dukkan waɗannan lokuta, abin da mutum ɗaya da matarsa ba za su iya ba.

Dalili na biyu tsaro ne. Bayan da Sarki Sambo ya kafa mulkin Fulani a Haɗejiya a farkon ƙarni na 19, ƙasar ba ta daɗe da sanin zaman lafiya ba. Zamanin Sarki Buhari, wanda ya hau a 1848 ya yi wa Sakkwato tawaye, yaƙi ya zama ruwan dare, har ya rasu a 1863 a yaƙinsa da Badawa. A irin wannan lokaci ba mai fita ya kafa gida shi kaɗai a dawa. Mutane sukan cusu a cikin ganuwa, dangi su haɗa kai a gida guda. Gidajen masu hali kuma sukan ƙunshi bayi, kamar yadda ya bayyana a labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954.

Duk da haka, babban gida mataki ne a rayuwar iyali, yana da farko da ƙarshe. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta buga littafinta Rural Hausa a 1972, ta nuna cewa gandun uba da 'ya'ya yakan yi ƙarko, amma gandun 'yan'uwa ba ya daɗewa bayan rasuwar uba. Ana raba gona, kowa ya kafa tukunyarsa, wasu su fita. Tarwatsewar babban gida ta kasance cikin tsarin tun asali.

Ginin ƙasa ya san yadda ake raguwa

Abin da ya sauƙaƙa wannan juyi shi ne kayan ginin. Daga kududdufin bayan gari ake haƙo ƙasa, a kwaɓa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya. Rufi ko dai jinka ce, ko soro da aka ɗora a kan azara. Irin wannan gini yana rayuwa ne da kulawa: kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, an gyara indararo, an sabunta jinka. Ɗakin da ke da mai shi yana samun wannan hidima. Wanda mai shi ya rasu, ko ta fita, ko ya tafi wani gari, ba mai ɓata ƙarfi a kansa.

Damina biyu ko uku sun isa. Rufi ya rufta, a zare azara a adana don wani ginin, bango ya zaizaye ya koma tudun ƙasa. Ƙasar nan ko a sake kwaɓa ta idan wani jika ya tashi aure, ko a baje a shuka wani abu a kai, domin wurin da mutane suka daɗe suna zaune ba ya rasa taki. Masanin gine-gine Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya nazarci gidajen birnin Zariya ya buga sakamakon a 1982, ya nuna yadda gini da rushewa a cikin gida ke bin sawun aure da haihuwa da mutuwa da ƙaura. Karin maganar da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, a ginin ƙasa magana ce ta zahiri.

Saboda haka dattijon wancan zamani ba ya ƙaura don ya rage gida. Yana zaune a turakarsa gidan ke tsukewa a kewayensa. Maƙwabtansa ba su sauya ba, masallacinsa bai sauya ba, zaurensa na nan inda yake karɓar gaisuwa. Ba ya biyan komai don ɗakunan da ba kowa, domin sun riga sun koma ƙasa. Ba kuma wata dukiya mai yawa da magada za su yi jayayya a kanta, tun da darajar gida a ƙauye ba ta wuce ta azara da ƙyaure ba. Gona da dabbobi su ne gādo.

Abin da ya kwance gandu

A watan Afrilun 1906 sojojin Ingila suka ci Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen fama, shi ne ake kira Mai Shahada. Abin da ya biyo baya ya taɓa kowane gida. Da hare-hare suka ƙare, zama cikin ganuwa ya daina zama dole, mutane suka fara fita suna kafa ƙauyuka kusa da gonakinsu. Bauta ta yi ta ja da baya har aka haramta ta gaba ɗaya a Arewa a 1936, manyan gidaje suka rasa wani ɓangare na ma'aikatansu.

Daga nan kuɗi ya shigo da ƙarfi. Layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya ratsa arewacin masarautar, tashar Malam Madori ta zama kasuwar gyaɗa. Saurayin da ya noma gyaɗa a gayaunarsa, ko ya tafi cin rani ya dawo da kuɗi, ya gane cewa zai iya biyan harajinsa ya yi aurensa ba tare da jiran uba ba. Igiyar da ke riƙe ɗa a gandu ita ce dogaro da maigida, kuma kuɗin hannu ya sassauta ta. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 sun tura samari da yawa birane. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976 ya ɗauke yara daga gona da safe, ya buɗe wa wasu hanyar aikin albashi. Da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, Dutse da Haɗejiya suka zama wuraren neman aiki da zama, ban da Kano da ta daɗe tana jan mutane.

Sakamakon shi ne, raguwar da a dā take zuwa bayan rasuwar maigida ta fara zuwa yana raye. Ya gina gida don 'ya'ya goma, ya wayi gari biyu ne a gabansa. Yaɓen da samari shida ke gamawa cikin kwana uku ya zama aikin da sai an biya lada.

Da kogin ya sauya hali

Babban juyin ya zo ne daga sama, wato daga inda kogin ya taso. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma kammala ta Challawa a 1992. Waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. An gina madatsun ne don noman rani a Kadawa da samar wa birnin Kano ruwan sha, amma mutanen ƙasa da su ne suka ɗauki nauyin sauyin. Malalen shekara-shekara a fadamar Haɗejiya da Nguru, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ya koma ƙasa da 1,000 a ƙarshen shekarun 1980, sakamakon madatsa da fari. Gonakin shinkafa da wuraren su da dama suka bushe. Gidan da ya dogara da amfani huɗu a shekara ya koma biyu, kuma abin da ba ya ciyar da mutum talatin ba ya riƙe su.

Sai matsala ta biyu ta biyo baya, kishiyar ta farko. A dā kogin yakan ƙafe da rani, rana ta ƙone abin da ya tsiro a cikinsa, ambaliyar damina ta wanke yashi. Da aka fara sakin ruwa daga madatsu duk shekara, magudanan suka daina bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama. A gabashin Haɗejiya kogin yakan rabu uku: tsohon kogin, da Burum Gana, da mashigin Marma mai zuba a tafkin Nguru. Kacala da laka suka toshe wasu hanyoyin, ruwa ya karkata ya kwanta a kan gonaki da bakin garuruwa, tsuntsayen jan baki suka samu maɓoya suna cin hatsi. Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, mai mutane sama da 190,000 a ƙidayar 2006, tana tsakiyar wannan yanki. Dausayin Baturiya da ke cikinta ya shiga jerin wuraren Ramsar na duniya a 2008 saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, amma ruwan da ke jawo tsuntsaye shi ne ke lasar gindin katanga.

Ambaliya ta auka wa yankin a 2001 da 2012 da 2018 da 2020, sai kuma ta 2022 wadda ta kashe mutane sama da 600 a faɗin Najeriya ta raba fiye da miliyan 1 da muhallansu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wuya. Ginin ƙasa yana jure ruwan sama idan yana samun yaɓe, amma ba ya jure ruwan da ya kwanta a gindinsa. Bangon da ya yi shekara 40 yana iya zubewa cikin dare ɗaya. Raguwar da kakanni ke yi cikin shekaru goma, jikoki sun gan ta tsakanin isha'i da asuba.

Siminti, fuloti da rabon gādo

Wanda ruwa ya cinye wa gida sau biyu ba ya son komawa ga tubali. Yana son bulo da siminti da kwano. Amma waɗannan da kuɗi ake sayensu, ba daga kududdufi ake ɗebowa ba, kuma kuɗin da zai tayar da ɗakunan ƙasa goma da wuya ya gama na bulo uku. Don haka gidan da aka sake ginawa kusan kullum ya fi na dā ƙanƙanta. Idan kuma ƙaura aka yi zuwa sabuwar unguwa, fili a yanke yake, ƙafa 50 sau 50 ko 50 sau 100, ba wurin ƙara sashe idan ɗa ya yi aure. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin zama a karkara, fili ya ƙara zama abin takarda da awo.

Siminti ya kawo wani sauyin da ba a cika lura da shi ba. Ɗakin bulo ba ya narkewa idan mai shi ya tafi. Yana nan tsaye, ba kowa sai ɓeraye, rufinsa na tsatsa, yana neman gyara. Yana kuma da farashi, kuma duk abin da ke da farashi magada za su ƙirga shi. Gidan da attajirin shinkafa ko ma'aikacin gwamnati ya gina a Haɗejiya a shekarun 1980, mai ɗakuna goma sha biyu, ba zai tsuke da kansa ba. Dole mai shi ya zaɓa: ya sa 'yan haya, ya yanka ya sayar da rabi, ya raba wa 'ya'ya, ko ya sayar duka ya koma ƙarami.

A nan fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Arewa ke bi, yana da abin cewa. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. Kyauta kuwa ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya mallaka tun mai bayarwa na da lafiya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai tun ƙarnoni, ta bayyana cewa idan mai kyauta ya rasu kafin a karɓa, abin ya koma gādo. Uban da ya ce ya ba ɗansa gida amma ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, ya bar wa iyalinsa ƙofar shari'a a buɗe. Akwai kuma haƙƙin shufu'a, wanda ya ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba fifikon saye idan ɗan'uwansa zai sayar da kasonsa ga bare. Wannan ne ya sa wasu dattawa masu hangen nesa ke raba gida tun suna raye a gaban shaidu, su ja katanga, su keɓe wa kansu ɗaki biyu. A wurinsu komawa ƙaramin wuri hanya ce ta kare zumuncin 'ya'ya.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A Amurka rage gida bayan ritaya ya zama kasuwa mai zaman kanta. A 1960 kamfanin Del Webb ya buɗe garin Sun City a jihar Arizona don tsofaffi zalla, mutane suka riƙa sayar da gidajen da suka reni 'ya'ya a ciki suna komawa can. A Birtaniya kuwa, tun 2013 gwamnati ke rage tallafin haya ga masu shekarun aiki da ke zaune a gidajen hukuma idan suna da ɗakin da ba kowa: kashi 14 cikin 100 don ɗaki ɗaya, kashi 25 don biyu ko fiye. A waɗannan wurare gida asusu ne, ana fasa shi a ci a tsufa.

A Kirikasamma gida suna ne. Ana cewa gidan wane ko bayan wane ya shekara 30 a kabari, kuma da sunan gida ake neman aure, ake sanin asalin mutum. Asusun tsufa kuwa 'ya'ya ne da maƙwabta. Dattijon da ya ƙaura ya bar unguwarsa ya rasa sahun masallacin da ake cigiyarsa idan ba a gan shi da asuba ba. Asarar matan gida ma ba ƙarama ba ce. Tsakar gida ita ce masana'antarsu: nan ake turara shinkafa a shanya, a banda kifi, a saƙa tabarmar kaba, a ɗaure awaki. Fulotin da ɗakuna suka cinye ba ya barin wurin shanya, kuma macen da ta rasa wurin shanya ta rasa jarinta.

Abin da ya rage a hannu

Idan aka bi wannan tarihi, za a ga cewa kunyar da ake ji wajen komawa ƙaramin gida ba ta da tushe mai zurfi. Kakannin da ake alfahari da manyan gidajensu sun ga gidajen nan suna tsukewa, ba su ɗauke shi abin kunya ba, domin sun san daidai ruwa daidai tsaki. Abin da suke da shi wanda jikokinsu suka rasa shi ne lokaci, da kuma tabbacin cewa ko gida ya ragu, wurin zama bai sauya ba.

Saboda haka tambayar da ke gaban dattijon yau ta fi ta yawan ɗakuna faɗi. Akwai batun ko sabon wurin yana kan tudun da ruwa bai taɓa hawa ba, da nisansa da gona da masallaci da 'yan'uwa, da ko an bar wa mata fili, da ko an rubuta wa kowane magaji abin da yake nasa. Ga hukumomi ma darasin a fili yake. Yashe magudanan kogi da cire kacala da tsara sakin ruwa daga Tiga da Challawa su ne ke yanke hukuncin ko gari zai zauna inda yake. Idan kuma ƙaura ta zama dole, raba fuloti ba tare da la'akari da wa ke maƙwabtaka da wa ba yana rusa abin da ambaliya ta bari.

A sababbin unguwannin da ke kan tudu, inda fili ba ya isa a gina zaure, sau da yawa akan ga rumfar kara ko ta kwano a ƙofar gida, da tabarma da buta a ƙarƙashinta. Nan maigida ke zama bayan la'asar, nan ake kawo masa gaisuwa da ƙarar yara da maganar aure. Ɗakunan da ke bayansa biyu ne, amma masu wucewa suna rage murya su yi sallama, kuma idan baƙo ya tambayi hanya, da sunan tsohon gidan ake yi masa kwatance.